Dokin Cikin Waya: Hutu Ne Ko Ɓata Lokaci?

  

Akwai tambayar da ta yawaita a 'yan watannin nan, a ƙofar masallaci bayan Isha'i da kuma a rumfunan kasuwa, galibi daga bakin iyaye maza: mene ne hukuncin wannan abu da yara suke yi, har da wasu manya, na shafa wa hoton doki launi a cikin waya? Wasu da murmushi suke tambaya. Wasu kuwa sun riga sun yanke hukunci tun daga gida, fatawa kawai suke nema wadda za ta ba su damar ƙwace waya ko fasa ta. Mun ga ya dace a zauna a duba maganar a tsanake, domin a ƙarƙashin wannan ƙaramar tambaya akwai babba: shin ɗan Adam yana da haƙƙin ya huta, kuma in yana da shi, da me ake bambanta hutu da lalaci?

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba shi da wuya. Manhaja ce ake saukewa a waya. In ka buɗe, sai ka ga zanen doki da baƙin layi a kan fari, an rarraba jikinsa gida-gida kamar gonar da aka yi wa kunyoyi. A wasu manhajojin kowane gida yana da lamba, kowace lamba da kalarta, kai dai taɓawa ce taka. A wasu kuma an bar maka zaɓi, in ka so ka yi shi baƙi, in ka so ka yi masa geza ja. Da takarda abin ya faro. A 2013 wata mai zane 'yar Sikotlan, Johanna Basford, ta fitar da littafin shafa launi na manya mai suna Secret Garden, aka sayi miliyoyi, daga nan kasuwar ta buɗe, har ta sauko cikin wayoyin da ke aljihunmu. Akwai zanen furanni, da gidaje, da jiragen ruwa, amma a nan wajenmu ba abin mamaki ba ne a ce doki yara suka fi nema.

To me ya sa doki? Ai tambayar ba ta buƙatar dogon bincike ga wanda ya san ƙasar da muke zaune da wadda iyayenmu suka fito. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. A nan Borno, Mai Idris Alooma ya yi yaƙoƙinsa a ƙarni na 16 da rundunar dawakai, limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta labarinsu. Da Baturen Ingila Denham ya iso Kukawa a 1823, mahayan Shehu Laminu cikin sulke ne suka tarye shi. Har yanzu in aka ce Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, zuciyar Bakano sai ta motsa ko da a Dusuman aka haife shi, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Dattawanmu sun san akawal da kili da bikili da gunya da danda tun daga nesa. Mu kanmu wa bai hau dokin kara ba yana yaro? Wa bai kwaɓa laka ya gina ingarma ya shanya a rana ba?

Amma yaron da aka haifa a unguwar nan shekara goma sha biyar da suka wuce ya tashi a wani zamani daban. A 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri da Jere. A 2015 sojoji suka hana hawa doki a faɗin jihar Borno, saboda 'yan ta'adda sun koma kai hari a kan dawakai. An yi shekaru ba a yi hawan Sallah a birnin Shehu ba. Ko da abubuwa suka fara lafawa, talakan da yake fama da kuɗin masara ina zai samu na harawa da dusa da kanwa? Don haka yaron da ke zaune a dakali yana cika wa dokin waya kala, abin da kakansa ya riƙe da linzami ne shi yake riƙewa da yatsa. Kafin mu yi masa tsawa, ya kamata mu san wannan.

Masu ƙin abin suna da hujja biyu, kuma ba za mu raina ko ɗaya ba. Ta farko ita ce maganar hoto. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu sura abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim, ba mai musun su. Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya tafi a kan cewa haramcin ya haɗa da mai inuwa da marar inuwa, kuma malamai da yawa sun bi shi. Wanda ya riƙi wannan fahimta ya riƙi abu mai tushe. Sai dai malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayani dalla-dalla. Shehu Dardir, a sharhinsa na Muhtasar Halil, a babin walima, ya nuna cewa wanda ya haramta shi ne surar abu mai rai wadda take da jiki, tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika, wato irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, wanda ba shi da inuwa, bai kai haram ba a wurinsu: makaruhi ne in an ɗaukaka shi, in kuwa ba a ba shi wata daraja ba, barinsa dai ya fi. Dokin waya ba shi da jiki, ba a rataye shi a bango, in ka kashe wayar ya ɓace.

Sannan akwai labarin da Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Manzon Allah (SAW) ya dawo daga tafiya, iska ta ɗaga labulen ɗakinta, sai ya ga 'yan tsananta, a tsakiyarsu ga doki mai fukafukai biyu na tsumma. Ya tambaye ta wannan mene ne, ta ce doki ne. Ya yi mamakin doki da fukafukai, ita kuwa ta kafa masa hujja da cewa ai Annabi Sulaimanu ya yi dawakai masu fukafukai. Sai ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Bai fasa dokin ba, bai yi mata faɗa ba. Malamai sun ɗauki wannan a matsayin rangwame ga kayan wasan yara. Mu abin da muke so iyaye su lura da shi shi ne fuskar da mafificin halitta ya tari abin da ita.

Saboda haka maganar hoto magana ce ta saɓani tsakanin malamai na ƙwarai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ƙofa a buɗe take: wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas yana kukan cewa da ita yake ci, sai ya nuna masa ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Manhajojin nan cike suke da zanen itatuwa da masallatai da irin zayyanar da muka sani. Ka ɗauki wannan ka bar doki, ka sami ladar tsantseni. Abin da bai dace ba shi ne ka mai da tsantseninka bulala a kan maƙwabcinka. Mu mutanen Maiduguri ba sai an zo daga wani gari an gaya mana inda saurin cewa “haram” da saurin kafirta mutane yake kai al'umma ba. Mun gani da idonmu, mun binne 'yan'uwanmu.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi a ganinmu, ita ce ta lokaci. Magidanci ya ce: “Malam, ko da halal ne, me aka samu? Ba kuɗi, ba ilimi, ba lada. Ƙato ya zauna yana taɓa gilashi kamar ƙaramin yaro.” Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafi, da shi muke kwana muke tashi. Kuma hadisi ya tabbatar da cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi biyu ne da mutane da yawa suke tafka asara a kansu. Za a tambaye mu rayuwarmu a me muka ƙarar da ita. Wannan gaskiya ne.

Amma a lura, lissafin da ya ce duk mintin da bai haifi kuɗi ko lada a fili ba asara ne, addini bai koyar da shi haka ba. Sahabi Hanzala ya taɓa zargin kansa da munafunci, saboda in yana gaban Manzon Allah (SAW) sai ya ji kamar yana ganin Aljanna da Wuta, in ya koma gida cikin mata da yara da gona sai ya shagala. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka, suka tafi tare. Amsar da suka samu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ita ce ɗan Adam ba ya dawwama a hali ɗaya, kowane abu da sa'arsa. Haka Salmanul Farisi ya hana ɗan'uwansa Abu Darda'i wahalar da kai da azumi da tsayuwar dare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salman. Kun ga ke nan rai ma mai bin bashi ne. Imam Gazali a Ihya'u ya yi bayanin cewa zuciya in aka matsa mata ba sassauci takan dushe, hutawa kuwa tana taimaka mata ta koma ga aiki da ƙarfi.

Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san wannan ba tare da littafi ba. Ingarman da aka yi sukuwa da shi, in an dawo gida ana kwance masa majayi, a sauke sirdi, a cire linzami, a bar shi ya yi birgima a ƙasa. Ba wanda yake cewa birgimar nan ɓata lokaci ce don ba ta kai mahayi ko'ina ba. Wanda ya hana dokinsa birgima, shi zai rasa abin hawa gobe.

Yanzu mu dubi irin kayan da zukatan mutanen unguwar nan suke ɗauke da shi. A Mayun 2013 aka katse layukan waya, muka yi watanni ba ka san ko ɗan'uwanka yana raye ba. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa manoman shinkafa yankan rago a Koshebe, aka sallaci gawa 43 a Zabarmari, nan kusa da mu. A Janairun 2021 aka fasa turakun lantarki, gari ya daɗe cikin duhu. A Fabrairun 2023 Kasuwar Monday ta ƙone, jarin mutane ya zama toka a dare ɗaya. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje. Akwai matar da har yau in ƙofa ta buga da ƙarfi sai gabanta ya faɗi. Akwai saurayin da barci ba ya ɗaukarsa sai asuba ta kusa. Irin wannan zuciya in ta zauna shiru ba hutawa take yi ba, tunani ne yake zagaya ta kamar jaki a turke. Tana bukatar abin da zai riƙe ido da hannu na ɗan lokaci, wanda ba ya tsoratarwa, ba a faɗuwa a cikinsa, ba mai yi maka dariya in ka yi kuskure.

Kakanninmu sun san wannan magani tun kafin waya. Matan da suka gudo daga Bama suka zauna suna ɗinkin hula, kuɗin cefane suke nema, amma da yawansu za su gaya maka in allura tana hannu tunani yana raguwa. Alaramman da yake yi wa allo zayyana bayan sauka, yana cika gida-gida da ja da rawaya, ka dubi natsuwar fuskarsa. Mai saƙar faifai da mai zanen lalle duk haka. Masu bincike ma sun gwada: a 2005 wasu biyu a Amurka, Curry da Kasser, suka sa ɗalibai 84 cikin damuwa da gangan, sannan suka ba wasu zane mai tsari su shafa masa launi na minti 20, wasu kuma farar takarda. Waɗanda suka cika zane mai tsari damuwarsu ta fi sauka. Gwajin nan da takarda aka yi shi, kuma ƙarami ne, don haka kada wani ya ɗauka cewa dokin waya zai maye gurbin likita. Wanda firgici ya hana shi barci da cin abinci, a kai shi asibitin masu taɓin hankali da ke hanyar Baga, ba abin kunya ba ne. Kuma babu abin da yake kwantar da zuciya kamar ambaton Allah, wannan Alƙur'ani ya riga ya yanke. Sai dai mai zikiri ma yana shan ruwa in ya ji ƙishi.

To ina ma'auni? A ganinmu ba a gane hutu da abin da ake yi a cikinsa kaɗai, ana gane shi da yadda mutum yake tashi daga gare shi. In ka ajiye wayar ka ji ƙirjinka ya yi sauƙi, ka amsa sallamar matarka da fara'a, ka ji kiran salla ka miƙe ba nauyi, to ka huta, kuma in ka yi niyyar samun ƙarfin ibada da neman halal, muna fatan har lada ka samu. In kuwa ka ajiye ta idonka ya yi ja, wuyanka ya sage, yaro ya yi maka magana ka daka masa tsawa, Asuba ta wuce ka kana barci, to ba ka huta ba, an hau ka ne. Abu ɗaya ne a hannun mutum biyu, ɗaya ya zame masa birgima, ɗaya ya zame masa turke.

Kuma a yi hattara, domin masu yin manhajojin nan ba don Allah suke yi ba. Yawancinsu da talla suke cin riba, don haka ribarsu tana cikin daɗewarka. Kana gama doki ɗaya za a miƙo maka wani, a ce ka zo gobe akwai kyauta. Littafin takarda yana ƙarewa, wannan ba ya ƙarewa. Tallar da ke faɗowa a tsakani ma wani lokaci ta caca ce, ko ta bashin gaggawa, ko hoton da bai dace yaro ya gani ba. Sau da yawa haɗarin yana cikin tallar fiye da cikin dokin. Ga kuɗin data, ga na caji a shago. Magidancin da bai ajiye kuɗin cefane ba ya sayi data don shafa launi, ya ci haƙƙin iyali, ko da zanen masallaci yake cikawa. Ma'aikacin shagon da mai saye yake tsaye shi kansa yana sunkuye, ya ci amanar maigidansa. Dabara mai sauƙi ita ce a sauke zanen, a kashe data, a sa wa abin iyaka, misali daga cin abincin dare zuwa minti 20 ko 30, kuma kada waya ta bi mutum shimfiɗa.

Kada kuma mu ɗauka cewa dokin gaske kullum alheri ne, na waya kullum wasa. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa sarkin Borno yana sayen doki ɗaya daga fataken arewacin Afirka da bayi 15 ko 20. Ku dubi wannan farashi. Allah Ya ambaci dawakai a Suratun Nahli a matsayin abin hawa da ado, Ya yi rantsuwa da su a Suratul Adiyati, amma a kan bayansu aka kwashi 'ya'yan mutane, a kan bayansu kuma aka ƙone ƙauyuka a zamaninmu. Dabba ba ta da laifi, waya ba ta da laifi. Wanda ke riƙe da linzami shi ake tambaya.

Shawararmu ga iyaye ita ce, kafin ka hana, ka tambayi kanka me za ka bayar a madadi. Saurayin da ba aiki, ba filin wasa, ba makaranta bayan azahar, in ka ƙwace masa wannan, ba lalle ya tafi ya ɗauki Ahalari ba. Mun san abin da ke jiran sa a bayan kango: tiramol, da sholisho, da abokan da ba sa salla. Kowa ya hau dokin zuciya, a tashar da-na-sani yake sauka. Maimakon faɗa, zauna kusa da shi ka ce ya nuna maka. Ka tambaye shi wannan da ya yi wa baƙi ya san sunansa akawal? Ka nuna masa inda jalala take zama, da ɗan ƙirji, da likkafa, ka ba shi labarin hawan da ka gani kana yaro. Cikin minti goma ka ba shi abin da manhajar ba ta da shi, kuma ka san abin da ke cikin wayarsa ba tare da bincike ba. In ka ga yana da hannu, saya masa takarda da fensirin kala, ko ka kai shi wurin mai zayyana ko mai ɗinkin hula ko mai rubutun allon shago. Sana'o'i da yawa daga wasa suka fara.

Ga matasa kuwa, ku sani iyayenku ba ƙiyayya ce take sa su magana ba. Sun ga abin da ba ku gani ba, suna tsoron kada ku lalace a gabansu. Ku sauƙaƙa musu: in an kira salla a ajiye, in an aike ku a ajiye, in babba yana magana a ɗaga kai. Wanda ya iya ajiye waya a tsakiyar zane ya tafi sahu, ba wanda zai zo ya tambayi liman hukuncin dokinsa.

Wannan ita ce fahimtarmu gwargwadon abin da muka karanta a gaban malamanmu, kuma Allah ne mafi sani. Allah Ya ba zukatanmu natsuwa, Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya dawo da zaman lafiya mai ɗorewa a Borno da Nijeriya baki ɗaya.